Gwaggo da Ƙungiyarta ta Holan

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, sai da aka bar ƙofar gidanta a buɗe. Gidan ƙarami ne, can sama a ɗaya daga dogayen benayen unguwar Minguettes, a gefen birnin Lyon na Faransa, kuma takalman masu gaisuwa sun cika baranda har bakin matakala. Hajiyoyin unguwar Vaulx-en-Velin sun zo da tukwanensu tun da hantsi. Maƙwabciyarta 'yar Aljeriya ta fi kowa kuka, tana ta faɗa da Faransanci cewa yau ta sake rasa uwa. Wani likita mutumin Jos, Kirista, ya tuƙo mota tun daga Paris, ya yi gaisuwa, sannan ya wuce kicin ya hau wanke kofuna. Da aka ce ya bari, sai ya ce a nan ya ci abinci duk shekarun karatunsa, a ƙyale shi.

Samarin unguwa ma sun hau, huluna a hannu, ba su san yadda ake gaisuwar mutuwa irin tamu ba. Suka tsaya a bakin falo, ɗayansu ya ce sun zo ne saboda Kakar Holan. Haka suke kiranta. Wani tsohon Alhaji mutumin Tahoua ya shafa fatiha, sannan ya ce, “Allah ya jiƙan Hajiya. Yanzu wa zai riƙa tsare ni a kasuwa yana ba ni labarin ƙwallo ban tambaya ba?” Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Baffa, ƙaninta, bai ji daɗi ba. Ya ɗaga murya ya ce, “Ku tuna ta da sallarta da azuminta. Ƙwallo ba abin da ake ambaton mamaci da shi ba ne.”

A jirgin ƙasa, kan hanyata ta komawa gidana a Sevran, wajen Paris, maganar ta yi ta yi mini yawo. Baffa bai yi ƙarya ba, Gwaggo mai ibada ce. Sai dai wanda ya cire ƙungiyar ƙwallonta ta Holan daga labarinta ya cire mijinta, ya cire aminiyarta, ya cire ƙuruciyarta. Ni ɗiyar wanta ce, a hannunta na zauna da na zo daga Maradi karatu. Abin da na ji daga bakinta da abin da na gani da idona shi zan rubuta, kada jikokinta su taso su ji cewa wata tsohuwa ce kawai mai son kallon tele.

Gwaggo ba Faransa ta fara sauka ba. Mijinta ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne a wani birnin Holan, ya aiko aka kai masa ita tana yarinya ɗanya. Ɗaki ɗaya suke haya a saman wani tsohon gida. Ya fita tun asuba, sai duhu ya dawo. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshen mutanen, ba ta san kowa ba, kuma ga ciki. Ta ce wata rana sai ta wuni ba ta buɗe baki ba sai a salla.

A ƙasan gidan akwai wata ƙatuwar Baturiya, matar wani mai aikin tashar, mai shan taba da babbar murya. Gwaggo tsoronta take ji. In ta ji motsinta a matakala sai ta koma ɗaki.

Wata rana da yamma gari ya ɗauki ihu. Motoci na oda, ana buga tukwane, maza na ruri a titi. Gwaggo ta ce ita dai ta ɗauka yaƙi ne ya ɓarke. Ta kulle ƙofa, ta zauna a ƙasa tsakanin gado da bango tana karanta duk addu'ar da ta iya. Sai ga bugun ƙofa kamar za a ɓalla ta. Da ta buɗe, Baturiyar ce, fuskarta ja wur, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta kama hannun Gwaggo ta ja ta har taga, ta nuna mata titi cike da mutane sanye da ja da fari, ta cire ƙyallen ulu daga wuyanta ta naɗa mata, tana ta maimaita kalma ɗaya.

“Sai da mai gidana ya dawo na san mi ya faru,” in ji Gwaggo. “Ashe ƙungiyar ƙwallon garin ce ta ɗauko babban kofin Turai. Kalmar da matar ke ta faɗi, kofi ce. Ita ce kalmata ta farko a harshensu.”

A makon nan naƙuda ta kama ta, mijin yana wurin aiki. Baturiyar ce ta ji nishinta ta cikin rufi, ta hau, ta kai ta asibiti, ta riƙe mata hannu har ta sauka. Namiji ne, ɗanta tilo, wanda nake kira Yaya. Da yake ɗan fari ne, Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan Kofi take ce masa, har ya yi furfura, kuma bai taɓa son sunan ba.

Daga nan suka zama aminai. Gwaggo na kiranta Ta Ƙasa, ita kuma tana kiran Gwaggo Ta Sama. A gaban rediyo ta koyi harshen Holan: sunayen 'yan wasa, ƙirga, da zagin alƙalin wasa. Mijinta ya taɓa jin ta furta wata kalma ya riƙe baki, ya roƙe ta don Allah kada ta sake faɗinta a gaban mutane.

Yaya bai kai shiga makaranta ba mahaifinsa ya rasu. Wani kaya ne ya kuɓuce daga sama a wurin sauke jirgi. A can aka binne shi. Gwaggo ta yi takabarta a wannan ɗakin. Ta Ƙasa ba ta fahimci dalilin da zai sa mace ta ƙi fita ba, amma ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko rediyonta ta hau da shi sama, ta ajiye a kan tebur, ta riƙa zuwa kullum da tukunyar dankali da kabeji. Ranar farko ta nuna tukunyar, ta yi kukan alade, ta girgiza kai da ƙarfi don Gwaggo ta san babu shi a ciki. Gwaggo ta ce wannan ne karo na farko da ta yi dariya bayan rasuwar.

Da ta fita takaba, Baffa ya je ya ɗauko ta da yaron ya kawo su Lyon, inda yake aiki a masana'antar manyan motoci. A bakin jirgi matan biyu suka yi alkawari: duk ranar da ƙungiyar ta buga wasan Turai, za su yi waya. A shekarun farko, Gwaggo sai ta sauka ɗakin wayar bakin titi, ko ana ruwa. Daga baya waya ta shigo gida. Na sha jin hirar tasu ba tare da na gane ba, sai ta fassara mini. Ba doguwa ba ce. An ci mu. Na gani. Mai tsaron gida barci yake. Ƙafarki fa? Da sauƙi. Yaron fa? Ya yi aure. A tsakanin zagin mai tsaron gida da na alƙalin wasa suka sanar da juna duk haihuwa da duk mutuwa ta rayuwarsu.

Abin mamaki, wasannin da ƙungiyar ke yi a cikin ƙasarta ba su dame ta ba. Ko sakamakon ba ta tambaya. Na taɓa yi mata maganar, ta ce, “Abin da suke yi a gidansu nasu ne. Ni so nake in ga yadda suke yi a garin mutane, inda ba a son su, ga sanyi ga ihu. Nan ne nake gane su.”

Ba ta ƙirga shekaru kamar kowa. In ka tambaye ta yaushe aka yi abu, sai ta ce, “Shekarar da muka kara da zakarun Kudancin Amurka muka ɗauko kofin duniya,” ko kuma, “Lokacin ƙaramin kofi ne, bayan an ɗaura auren Ɗan Kofi.” Akwai dogon zamanin da take kira shekarun fari, lokacin da ake fitar da su tun zagayen farko, wata shekarar ma ba su samu shiga ba. Ta ga yadda wasan ya canza, manyan ƙungiyoyin Ingila da Sifen suka riƙa kwashe duk yaron da ya fara haske. In ta ga ɗaya a rigar wasu sai ta nuna shi da baki ta ce, “Wanga namu ne, mu muka rene shi.” Ba ta jin haushinsa. Haka take yi da ɗaliban da suka ci tuwonta suka zama manya a Paris. In ba su kira ba, sai ta ce aiki ne ya yi musu yawa.

Ranar wasa tana dafa dankali da kabeji irin na Ta Ƙasa, amma ta zuba masa yajin Maradi har sai hanci ya yi ruwa. Tana zama a kan darduma, ba a kujera ba, carbi a hannu. In lokacin salla ya shiga ana tsakiyar wasa, tashi take, ko da bugun fenariti za a yi. Wata rana na ce mata ta yi musu addu'a mana, an matsa musu. Ta dube ni sheƙeƙe.

“Ɗiyata, ni ba ni damun Ubangiji da ƙwallo. Ina da manyan buƙatu a wurinsa.”

Shekarata ta farko na faɗi jarrabawar makarantar jinya. Na shige ɗaki na rufe, na ce Maradi zan koma, ni ba zan iya ƙasar nan ba. Gwaggo ba ta lallashe ni ba. Da yamma ta buɗe ƙofar ta ce in fito in yanka mata kabeji, akwai wasa. Aka yi wa ƙungiyarta ruwan ƙwallaye a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Ta kashe tele ta ce, “Wasan zuwa ne wannan. Akwai na komowa.” Na gane da ni take. Bayan mako biyu muka zauna kallon na komowar, ina ta fatan su rama don maganarta ta tabbata. Aka sake cinye su a gidansu. Na dube ta. Ta tattara kwanuka ta ce, “To. Baɗi ma za a yi.” Muka yi dariya har na ƙware. Washegari da kanta ta raka ni na sake rubuta sunana a makarantar.

Faɗa ɗaya na san ta yi mai zafi, kuma da Yaya ne.

Yaya ɗan Minguettes ne gaba da baya. Ƙungiyar Lyon yake bi tun yana yaro, kuma bai taɓa komawa Holan ba, ko kabarin mahaifinsa bai taɓa ziyarta ba. In Gwaggo ta ɗauko zancen sai ya tashi. Sai wata shekara ƙuri'a ta haɗa ƙungiyoyin biyu, kuma za a buga a Lyon. Gwaggo ba ta taɓa shiga filin wasa ba a rayuwarta. Ta kira shi ta ce ya kai ta.

“Inna, filin ƙwallo? Ke Hajiya guda? Me mutane za su ce?”

“Su ce abin da suka ga dama. Sun biyo ni har garin da nake, ba zan tahi in gaishe su ba?”

“Akwai 'yan giya, akwai faɗa. Kuma da wannan ƙyallen a wuya? A'a. Ba zan kai ki ba.”

Ta ce to zai ga ko ƙafarta ta mutu. Nan ne ransa ya ɓaci, ya faɗi abin da na tabbata ya daɗe yana cinsa.

“Ƙasar da ta kashe mini uba, ke kina tafa musu! Tun ina yaro nake kallonki. Ko hotonsa ba kya kallo kamar yadda kike kallon waɗannan mutanen.”

Gwaggo ta ajiye carbinta. Ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba.

“Kai mi ka sani game da ubanka? A kafaɗarsa ya ɗora ka ranar da aka zagaya gari da kofin Turai na biyu. In na ga rigar nan shi nake gani, yana da rai, yana dariya. Kai ba ka tuna shi, ni kuma ba ni da inda zan gan shi sai nan. Tashi ka ba ni wuri.”

Ya fita. Har ranar wasan bai kira ba, ita ma ba ta kira ba.

Samarin unguwa ne suka kai ta, duk da cewa su ma 'yan Lyon ne. Ni na riƙe mata hannu, su suka kewaye mu a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka raka mu har ƙofar da baƙi ke shiga, sannan suka zagaya nasu ɓangaren. Muka hau cikin ƙattin Holan, suna ta kallon tsohuwa baƙa da hijabi da ƙyallen da ya girmi yawancinsu. Da alƙalin wasa ya hana ƙungiyarta wata ƙwallo, Gwaggo ta miƙe ta sako masa wannan kalmar da mijinta ya hana ta faɗa, da lafazin mutanen tashar jiragen ruwa. Wurin ya fashe da ihu da dariya. Wani tsoho mai farin gemu ya tambaye ta unguwar da ta zauna. Da ta faɗa sai ya dafe kai, ya ce kakarsa a bayan layin take. Kafin hutun rabin lokaci an ba ta wuri a gaba, ana ta miƙo mata shayi.

An cinye su ranar. Ba ta damu sosai ba. A hanya ta ce mini filin ya fi yadda take zato ƙanƙanta, kuma 'yan wasan yara ne ƙanana, tele ke ƙara musu girma.

Washegari da safe aka buga ƙofa. Yaya ne, da burodi a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Inna, ƙwallon nan da aka hana ku, ta shiga. Ta gabana aka yi. Alƙalin ya cuce ku.”

Ta ce, “Na sani. Ɗiyata, kawo masa shayi.”

Ba su sake tada maganar ba.

Bayan na gama karatu na samu aiki a wani asibiti a wajen Paris na koma Sevran, amma duk ranar wasan Turai sai na kira ta, bayan ta gama da Ta Ƙasa. Wata rana na kira da wuri na ji layin a buɗe. Gwaggo ta ce yau Ta Ƙasa ba ta kira ba, kuma da ita ta kira, ɗiyar Ta Ƙasa ce ta ɗauka. An kai tsohuwar gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta kama ta, ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Duk da haka Gwaggo ba ta daina ba. Ɗiyar kan kara wa uwar waya a kunne, Gwaggo ta faɗa mata sakamakon, wani lokaci ta ji numfashi kawai, wani lokaci tsohuwar ta ɗauko waƙar ƙungiyar ta rera daga farko har ƙarshe ba kuskure. Da Ta Ƙasa ta rasu, Gwaggo ta lulluɓe tele da zane, kakar wasan nan gaba ɗaya ba ta kalla ba. Baffa ya ce mata ai ba a yi wa wadda ba musulma ba irin wannan makoki. Ta ce masa ita ba makoki take ba, ba ta da wanda za ta gaya wa ne. Ɗiyar ce ta dawo da ita: ta kira wata rana ta ce ita ba ta san ƙwallo ba, amma in Gwaggo za ta koya mata, za ta riƙa kira.

Ciwon huhu ya kwantar da Gwaggo a shekarar da ƙungiyar ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wani kofin Turai, bayan dogon jira. Ta kalla a kwance, da robar iska a hanci. Aka cinye su. Ina kallon yaran suna wucewa ta gefen kofin ba su taɓa shi ba, na fara hawaye. Ta ce, “Mi na kuka? Sun gan shi da idonsu. Waɗanda suka gabace su ko ƙyallinsa ba su gani ba.”

A wannan makon ta kira Yaya ta ce ya je Holan ya dubo mata kabarin mahaifinsa. Wannan karon bai yi musu ba. Da ya dawo ya same ni a baranda kafin ya shiga, idonsa ja. Ya ce babu kabarin. A can in shekaru suka ja akan share wuri. Wani ma'aikaci ya nuna masa gefen da musulmin lokacin suke, ciyawa ce kawai da bishiyoyi. Ya tambaye ni ko ya ɓoye mata. Na ce ban sani ba.

Bai ɓoye ba. Ya durƙusa a gefen gadon ya faɗa mata. Ta rufe ido ta ce, “Na sani. Ta Ƙasa ta gaya mini tun kana saurayi.”

“To me ya sa kika aike ni, Inna?”

“Ka tsaya a wurin?”

“Na tsaya.”

“Ka yi masa addu'a?”

Ya ɗaga kai.

“To shi ke nan aiken.”

A ranar ta ce kada a ɗauki gawarta zuwa Maradi, a binne ta a Lyon, inda ɗanta da jikokinta za su iya zuwa da ƙafarsu. Baffa ya so ya ja, ta ce masa ta riga ta ga abin da nisa ke yi wa kabari.

Kwanakinta na ƙarshe a asibiti Faransanci ya fara barinta, sannan Hausa ma ta yi ƙaranci. Ranar da za ta cika, bayan azahar, muna zaune ni da Yaya, sai ta buɗe ido ta fara magana da harshen Holan. Magana ɗaya take maimaitawa, tana duban ƙofa, hannunta na neman gefen gado kamar mai son tashi. Na ce wa Yaya ƙila sunayen 'yan wasa ne. Ya ce a'a, roƙo take, ji muryarta. Hankalinta ya ƙi kwanciya, mu kuma ba mu san abin da za mu ba ta ba.

Yaya ya ɗauki wayarta ya kira ɗiyar Ta Ƙasa. Da guntun Turancinsa ya roƙe ta ta saurara, ya kara wayar kusa da bakin Gwaggo. Matar ta saurara, sannan muka ji ta fara shessheƙa.

Ta ce, “Da mahaifiyata take magana. Cewa take, ki riƙe mini yaron, zan sauka in tarbo babansa a bakin tasha, lokacin tashinsu daga aiki ya yi.”

Yaya ya ce wa matar, “Yaya ake cewa, na riƙe shi, je ki?”

Ta faɗa masa a hankali. Ya sunkuya a kunnen mahaifiyarsa, mutum mai furfura, ya maimaita kalmomin a karkace, a harshen da ya manta tun yana ɗan ƙarami. Gwaggo ta daina neman tashi. Hannunta ya saki gefen gadon. Na matsa na riƙa karanta mata kalmar shahada, leɓɓanta na bi. Kafin la'asar ta cika.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da wanda ta tafi tarba. Mu kuma da ta bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinta.